Gemuna da Dutse Mai Aman Wuta

Tun ranar da na dawo ban huta ba. A shagona a Aubervilliers, gefen Paris, tambaya, a bakin masallaci a Montreuil bayan Juma'a tambaya, har cikin metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani ɗan Tawa da ban ma san sunansa ba ya tare ni, wai ya ji an ce Alhaji Lawali ya je ya leƙa wuta. Alhaji Isuhu, maƙwabcina a layin masu atamfa, shi ya baza zancen, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Na gaji da ba da labari guntu-guntu tsakanin ciniki da ciniki, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mutumin da ya haura sittin, gwiwarsa tana ƙara in zai yi sujada, ba ya hawan dutse don nishaɗi. Babbar 'yata ce sila. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi muke ce mata. A nan Faransa aka haife ta, ta yi jami'a a Villeurbanne, gefen Lyon, kuma duk cikin ilmin da Allah ya shimfiɗa a duniya ba wanda ya yi mata sai na duwatsu masu aman wuta. Bara ta yi 'yan watanni a wani tsibiri da ake kira Guadeloupe tana koyon aiki a kan wani dutse irin wannan. Ba mu gane ainihin abin da take yi ba sai da ƙanwarta ta nuna wa uwarsu hoto a waya: ga Ummi da takunkumi a fuska, tsugune a bakin rami, hayaƙi yana tashi bayanta. Hajiya, uwar tasu, ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Bana kuma aka ba yarinyar gurbin babban digiri, shekara uku, rabinsu a kan dutsen nan, kuma ana jiran amsarta kafin wata ya ƙare.

Dokar ƙasar nan ba ta neman sa hannuna, yarinya ta girma. Ita ce ta zo gida ta durƙusa ta ce, "Baba, in ba ka sa albarka ba, ba ni zuwa. Zan ce musu su ba wani." Hajiya ta ce shi ke nan, magana ta ƙare, a ba wani. Ni kuwa na ga idon yarinyar, na san ranta yana kan aikin nan.

Zan faɗi abin da nake tsoro, don ba wutar ba ce kawai. Ummi ba ta iya cewa a'a ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu na taɓa ce mata ta jira ni a ƙofar shago, na shiga sito da wani baƙo, zance ya ja mu, na manta da ita sam. Lokacin sanyi ne. Da na fito bayan awa uku na iske ta tsaye inda na bar ta, leɓɓanta sun yi fari, alhali shagon Isuhu yana buɗe ga shi nan kusa. Na ce me ya hana ki shiga? Ta ce, "Cewa ka yi in tsaya nan." A lokacin na yi ta alfahari da ita, na ba mutane labari. Yanzu labarin nan ne yake hana ni sukuni. Yarinyar da ba ta musu da babba, in wani shugabanta ya ce ta gangara rami ran da bai kamata ba, gangarawa za ta yi.

Sai na ce ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na je na ga wurin da idona, har tafkin da ke cikin ramin dutsen, wanda take ɗibar ruwansa. Hajiya ta ce, "Da wace gwiwar?" Na ce da wannan.

Na fara da Lyon, don in ga mutanen da za su tura ta. Jirgin ƙasa awa biyu, ban gama cin goro ɗaya ba muka iso. Ummi ta tare ni a tasha muka hau taram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa unguwar jami'a. Ɗakinta in ka tsaya a tsakiya ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango biyu, tana ta ba ni haƙuri. Na ce mata mu huɗu muka zauna a irinsa a gidan leburori na Montreuil shekarar da na zo, kuma ɗayanmu mai minshari ne. Ta dafa mini shinkafa da wake, don garin nan ya yi suna wajen abinci amma kusan duk abin da suke yabo da alade a ciki.

Malamarta wata Baturiya ce gajera mai furfura, hannunta kamar na manomi. Ta zaga da ni ɗakin bincikensu, ta nuna mini kwalabe. Ɗaya ta ce ruwan tafkin ne, wai ya fi ruwan batir cin abu, ga shi yana tafasa a can ƙasan rami. Ta nuna mini wata 'yar na'ura da suke maƙalawa a ƙirji, mai kuka in iskar guba ta yi yawa. Faransancina na kasuwa ne, amma ya isa in yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Madam, in an je bakin ramin, wa ke cewa a shiga, wa ke cewa a koma?" Ta ce shiga sai kowa ya yarda, komawa kuwa mutum ɗaya ya isa. Ko ƙaramin cikinsu ya ce a tsaya, an tsaya, ba a tambayarsa dalili sai an sauko. Na gode mata. A raina na ce wannan doka ce mai kyau ga masu baki.

Kafin mu bar garin aka kai ni sayen takalmin hawan dutse. Mai shagon ya sa na tattare kaftani na yi ta hawa wani ɗan tudu na katako da suka gina a tsakiyar shago, ina hawa ina sauka, mutane suna wucewa. Ummi ta juya baya tana kallon safa, tana danne dariya.

A jirgin komawa Paris ta fito da takardar sharuɗɗan hawa. Gilashina yana cikin akwati, na ce ta karanta mini. Ta karanta: takalmi mai ƙarfi, rigar ruwa, ruwan sha, kada mai asma ko ciwon zuciya ya kusanci hayaƙin, kada a bar hanya, kada a ƙetare igiya ba tare da ɗan jagora da takunkumi ba. Sai ta dube ni, ta dubi takardar, ta ninke ta. Na ce shi ke nan? Ta ce, "Shi ke nan, Baba." Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa.

Ranar tafiya Hajiya ta cika mini jaka da kilishi da yaji kamar mai zuwa inda ba a noma. Isuhu ya ce lallai in ɗauki katin rigakafi da hotuna shida, wai shi ya san halin iyaka. Na ɗauki fasfo, da katin zama, da duk takardar da ke da hatimi a gidana. A filin jirgi na Orly aka dubi katina sau ɗaya aka ce in wuce. Awa takwas muna bisa teku, muka sauka, ina ta gyara takardu ina neman layin baƙi, Ummi ta ce babu, ai ba mu bar Faransa ba. Kuɗi ɗaya, 'yan sanda kaya ɗaya, akwatin wasiƙa launi ɗaya. Ni da na san wahalar Maradi zuwa Kano, tafiyar da ba ta kai wuni ba, abin ya ɗaure mini kai. Wani abin kuma, jirgin bin rana yake yi, sai wunin ya ƙi ƙarewa. Agogona ya ce magariba ta yi, taga ta ce azahar ce da sauranta. Na bi taga.

Zafin da ya tare mu irin na Kwatano ne, mai ɗanko a jiki, wanda na sani lokacin da nake zuwa fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Mutanen kuma baƙaƙe ne kamar mu. Direban da ya ɗauke mu, da ka sa masa hula sai ka rantse ɗan Tasawa ne. Suna da yarensu da ke kama da Faransanci amma ya ƙi kamuwa, kuma suna gaisuwa. Ba ka shiga shago ka ce a ba ka kaza sai ka fara gaida mai shagon, in ka manta sai ta tsaya tana kallonka har ka tuna. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, na daɗe ban ga inda ake kunyata marar gaisuwa ba.

Mun sauka a wani gari a gindin dutsen, gidan wata dattijuwa, Madam Leoni, inda Ummi ta zauna bara. Ta rungume yarinyar, ta kawo mana 'yan ƙananan kofuna da lemon tsami a ciki. Ƙamshin kawai na ji na san giyar rake ce, da ita suke tarbar baƙo kamar yadda muke kawo ruwa. Na ce mata na gode, ba na sha. Ummi kuwa karɓa ta yi da hannu biyu, ta riƙe kofin har muka gama gaisawa, sannan ta lallaɓa ta ajiye shi bayan tukunyar fure. Wata huɗu ta yi a gidan nan ba ta iya gaya wa matar ba. Na gani, tsorona ya ƙaru. Da Madam Leoni ta gane, sai ta tafa hannu ta shiga ciki ta fito da jan abin sha mai sanyi. Na kurɓa, ashe zoɓo ne. Ta biyo shi da wani soyayyen abu, ƙosai sak, sai dai da busasshen kifi a ciki, da doya da miyar kuɓewa. Na ce mata wannan ai abincin garinmu ne. Ta ce ƙila kakanninta daga wajenmu aka kwaso su, amma ba wanda ya bar musu sunan garin. Na buɗe jaka na ba ta rabin kilishin Hajiya.

Mutanen wurin ba sa kiran dutsen da sunansa na takarda, Soufrière. Tsohuwa suke ce masa. Kwana biyu Tsohuwa ta ƙi nuna fuska, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma kowace safiya Ummi sai ta duba sanarwar masu lura da dutsen ta ce yau ba a hawa. Na ce mata ni ban zo da niyyar komawa ba sai na gani, ko da za mu ƙara mako. Na yi ta zaga tsakar gidan da sabon takalmi don ya saba da ƙafata, kajin Madam Leoni suna bina.

Rana ta uku gari ya waye da sauƙi. Bayan sallar asuba muka tafi inda hanyar mota ta ƙare, wurin wani kwarmin ruwan ɗumi da ke fitowa daga cikin dutsen. Nan muka haɗu da ɗan jagora, Firmin, dogo mai yawan dariya, da wasu baƙi biyar. Ya san Ummi tun bara, ya ce yau ya huta, ga gwana ta zo. Hanyar ta fara da matakalar duwatsu cikin daji mai duhun ganye, ko'ina santsi. Gwiwata ta fara magana tun ba mu yi nisa ba, na ce da ita yau ba ranar sauraronki ba ce. Wani saurayi da budurwarsa suka wuce mu da gudu da gajerun wanduna. Bayan awa guda muka iske su zaune suna haki, na gaishe su da kyau na wuce.

Da muka fita daga dajin sai itatuwa suka ƙare, iska ta taso, sanyi ya sauko kamar ba ƙasar zafi ba. Hazo yana zuwa ya rufe mu har ba ka ganin na gabanka, can ya yaye. Sai wari. Duk wanda ya taɓa fasa ruɓaɓɓen ƙwai ya san shi, sai dai wannan ba ya wucewa. Ummi ta ce farar wuta ce. Na lura tun da muka fara jin warin nan yarinyar ta canza. Ta daina tafiya a bayana, ta koma gaba. Tana duban inda ciyawa ke kwantawa, tana duban na'urar ƙirjinta, in ta yi magana da Firmin a gajarce take yi. Na tsinci wani ɗan dutse ruwan ɗorawa zan sa aljihu in kai wa Hajiya tsaraba, ta ce ba a ɗauka. Na ajiye, ina mamaki.

Wajen ƙarfe goma muka kai sama. Na yi hamdala na zauna a kan dutse. A gabanmu ga igiya an ja, da allo mai jan rubutu. Bayan igiyar ƙasa ta yi fari da rawaya, ba ko tsiro, hayaƙi yana fita daga tsaguwar ƙasa da ƙara kamar tukunyar matsi. Firmin ya nuna can gaba, bai fi tafiyar minti goma ba, ya ce ramin tafkin ke nan. Ya buɗe jaka ya rarraba takunkumi, irin mai gwangwani biyu a gefe. Ummi ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa. Za ka toshe gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi. In robar ta manne a fuska, iska ba ta samu hanya ba, ya yi. Na kowa ya manne. Ni ta bari na ƙarshe.

Na sa, na toshe, na ja. Iska ta shigo ta ko'ina, da warinta. Ta ja maɗaurin har kunnena ya yi zafi, na sake ja, haka. Gemuna ne. Tun da na sauko daga aikin Hajji shekara ashirin da suka wuce reza ba ta taɓa shi ba, kuma robar ba ta kama fata in gashi ya shiga tsakani.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, akwai layi guda a takardar nan da ban karanta maka ba. An ce mai gemu sai ya aske. Na kasa hwaɗi. Na ce ƙila in an ɗaure da ƙarhi zai kama. Laihina ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Da kin hwaɗa mini a Paris ai da na san abin da zan yi da gemuna, ni da shi. Yanzu na ƙetare teku, na hau dutsen ga da gwiwa guda, ki ce mini mi?" Firmin ya ga abin ya yi zafi, ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce tsoho ya zo daga nesa, iska kuma tana kaɗawa can gefe, in an yi sauri minti biyar ƙila ba komai. Na ce ka ji magana. Na miƙe, na gyara takunkumin, na nufi igiya.

Sai na iske Ummi a gabana. Ban ga lokacin da ta zagayo ba. Ta tsaya tsakanina da igiyar, ga ta ƙarama cikin rigar ruwa.

Ta ce, "Non, Baba. Ba ka wucewa."

Na ce, "Kauce."

Ta ce, "Iskar wurin ga ba ta da alkawari. In ta juyo kana can, numhwashi biyu ya isa ya kada kai, kuma ba mu iya ɗauko ka daga nan."

Na rage murya don kada baƙi su ji, na ce, "Ni na haihe ki. Kin san abin da ya kawo ni. In ban ga tabkin ga ba, ba ni da abin da zan sa wa albarka."

Hawaye ya zubo mata, amma ba ta matsa ba. Ta durƙusa nan kan jiƙaƙƙen dutse, yadda take yi in za ta gaishe ni da safe, ta ce, "Na sani. Ka hana ni aikin in ka ga dama, Baba, ba ni musu. Ka yi hushi da ni shekara guda. Amma igiyar ga ba ka ƙetare ta." Ta juya ta yi wa Firmin magana da Faransanci, kalma uku ko huɗu, da wata murya da ban san tana da ita ba. Dogon nan ya ce ta yi gaskiya, ya miƙo hannu ya karɓi takunkumina.

Na tsaya ina kallonta. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, haka take yi in ta yanke magana: ba ta ɗaga murya, ba ta kuma sake faɗa. Shekara talatin rabona da jin an hana ni abu haka.

Ta kai ni bayan wani babban dutse a ɓangaren da aka yarda kowa ya tsaya, inda wasu masu yawo suke cin burodi. Ta ce in hayaƙi ya nufo nan kada in gudu gabansa, in ratsa gefe, ta nuna mini ta inda zan bi. Ta ce za ta zauna da ni. Na ce ta tafi ta yi abin da ya kawo ta. Wannan umarnin ta bi.

Na zauna ina cika ina batsewa, ina shirya maganganun da zan faɗa mata. Na ga sun shige cikin hazo a jere, ita ce a gaba. Ba su fi kwatan awa da tafiya ba sai ciyawar gabana ta kwanta ta ɗaya gefen. Wutsiyar hayaƙin ce kawai ta iso inda muke, wadda ta riga ta sha iska a hanya, amma sai na ji kamar an watsa mini yaji a ido da maƙogwaro. Na tashi na ratsa gefe yadda aka ce mini, ina tari, masu burodi suna bina. Da na samu numfashi sai duk maganganun da na shirya suka zube. Ba abin da nake yi sai kallon hazon nan ina kiran sunan Allah. Can suka ɓullo, a jere kamar yadda suka shiga, ba mai gudu, ita ce a baya yanzu tana ƙirga su. Wani mai babbar kyamara yana gunaguni wai bai gama ɗauka ba. Ba ta ko dube shi ba.

Muka juyo muka kama hanyar sauka. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, inda santsi ya yi yawa sai ta miƙo hannu in kama, in mun wuce ta sake ni. Da muka iso kwarmin ruwan ɗumi azahar ta yi. Na cire takalmi na tsoma ƙafafuna, daɗi ya ratsa ni har ka. Na naɗe hannun riga zan yi alwala, na wanke hannu, na ɗebo ruwa.

Ta ce, "Baba." Muryarta ta dishe. "Kada ka shaƙa wannan a hanci. Ruwan ɗumi ne, akwai ƙwayar cuta da ke bi ta hanci. Ga na gora."

Na dube ta. Idonta ya kumbura, ta san ta riga ta rasa abin da take so, kuma ga shi ta sake hana ni. Dariya ta kuɓuce mini, na yi ta yi har Firmin ya leƙo. Na zubar da ruwan na karɓi gorar. Da na idar da salla na kira ta ta zauna kusa da ni. Na ce, "Laihinki guda ne, layin da kika ɓoye. Kada ki sake jin kunyar kowa a kan irin wannan, ko ni ne." Ta ce to. Na ce, "Ki rubuta wa malamarki ki ce kin amsa. Allah shi yi miki albarka, shi tsare ki." Ta rufe fuska da gyalenta, ni kuma na mai da hankali ga ɗaure takalmi, don ni ma idona bai gama warkewa daga hayaƙin ba.

To, masu tambaya yaya tafkin yake, ga amsarku: ban gan shi ba. An ce yana can ƙasan rami yana tafasa, an nuna mini hoto, amma idona bai sauka kansa ba. Isuhu ya ce wannan ai asarar tafiya ce, mutum ya je har bakin abu ya dawo da labarin igiya. Tsarabar da na zo da ita ɗaya ce, zoben azurfata da hayaƙin ya mayar baƙi ƙirin. Hajiya ta ce in kawo ta goge shi da toka, na ce a bar shi haka.

Makon jiya muka raka Ummi Orly. Hajiya ta riƙe hannunta ta ƙi saki, tana ta jero gargaɗi. Can ta ce, "Ni abin da ke damuna, in manyanki suka ce ki shiga ramin ga ran da iska ba ta da kyau, ya za ki yi? Ke da ba ki iya musu ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ɗauki akwatinta na ɗora a kan amalanke.

Na ce, "Sake ta ta tahi, Hajiya. Ni ma nan ta hana ni."